Rabin Maganar da Ba a Bari Baffa Jaji Ya Ƙarasa Ba

Kullum bayan sallar asuba, Baffa Jaji yakan saɓa dagi ya nufi maƙabartar ƙauyensu da ke gabas da Jahun. Ya cike kabarin da ruwa ya zaftare, ya jera ƙaya saboda kuraye. Bana ya jingine dagin, don idanu sun tafi.

Yana saurayi ya bi fatake zuwa Garwa, lokacin tana hannun Jamus, ya zama kukun wani Bajamushe mai yawan karatu da jin Hausa. A bakinsa ya ji tarihin malaman ƙasarsu. Na farko sun ce hankali ne ginshiƙin duniya, kuma zamani gaba yake yi zuwa alheri. Sai wani ya zo bayansu ya ce a'a, duniya ƙishirwa ce da ba ta yankewa: ka rasa ka sha azaba, ka samu ka gundura.

Da yaƙi ya kori Jamusawa, Jaji ya dawo gida. Wata rana yana ba da labarin nan a zauren mai gari, ya kawo kan ƙishirwa, sai liman ya katse shi.

"Jaji, wasu goro suke kawo mana tsaraba, kai yanke ƙauna ka auno?"

Aka yi dariya. Daga ranar ya zama Jaji Bajamushe, wanda imaninsa ya raunana. Aka daina sa hannu a akushi ɗaya da shi.

Sannan annobar mura ta shigo. Dada Asma'u, tsohuwar ungozoma, ta ce a kan idonta maza suka riƙa gudun gawar 'yan uwansu. Kai ne, Baffa, ka shiga ɗakunan da aka guda. Kai ka wanke ɗanka tilo Mika'ilu da hantsi, da la'asar ka haƙa wa liman ɗin nan kabari. Gatan marasa gata, har aka zo yau ba ka karɓi ko ƙwaryar gero ba.

Kwanan baya aka tambaye shi ragowar maganar nan da liman ya katse.

"Malamin ya ce maganin ƙishirwar ɗaya ne, tausayi. Kuma a harshensu, ma'anar tausayi ita ce a sha wahala tare."

"To, Baffa, me ya hana ka faɗa?"

"Ai ba wanda ya tambaya."

Yanzu ba ɗa, ba jika, kuma akwai masu kiransa Bajamushe har gobe. Abin da ke damunsa ɗaya ne: in tasa ta zo, wa zai wanke shi?

Mun gode, Baffa. Allah ya saka da gidan Aljanna. Ku kuma matasan Jahun da Miga, dagin yana nan jingine a zaurensa, kuma mai shi yana sauraron sallamarku.