Takandar Labo da Hinjin Ƙofa

Labo direba ya shekara ashirin da biyu yana jigila tsakanin Dayi da Funtua da tsohuwar akori-kurarsa. Bai yarda da tef ɗin awo ba. Da kara yake auna komai, kamar yadda ubansa yake yi a gona.

Bana hinjin ƙofar fasinja ya karye. Ƙofar ta wangale ana cikin tafiya, saura kaɗan Gwaggo Baturiya, shugabar mata masu daddawa, ta faɗo.

"Labo, igiya ta akuya ce," ta ce da ta ga yana ɗaure ƙofar. "In ranar kasuwa ta zo ba ka gyara ba, mun koma motar Iliya, mu duka."

Matan nan kuwa su ne abincinsa. Ita ƙofar daga wata matacciyar mota aka ciro ta, don haka faɗin sunan mota ba shi da amfani, sai awo. Ya karyo takanda a bayan gida, ya auna tazarar ramukan kusoshi, ya yanke daidai, ya shiga motar haya sai Funtua.

Abdulmutallib mai kayan gyara ya gwada takandar, ya ba shi hinji. Da aka zo ɗaurawa, ya yi gajere. Washegari Labo ya yanki sabuwa ya koma. Na biyun ma ya fi na farko gajarta.

"Malam Labo, ƙofar taka ramewa take yi?" in ji Abdulmutallib.

Labo ya karɓi hinjin ya koma gida. Ya zargi mai shago, ya zargi Iliya da asiri, har ya tsuguna yana kallon ƙofar, ko da gaske motsewa take yi.

Rana ta uku matarsa Shafa'atu ta ce ƙafarta ƙafarsa. Ba su kai Malumfashi ba ta ga ya zaro takandar daga aljihu, ya gatsa, idonsa na kan gonakin auduga.

"Malam, me kake ci?"

Ya dubi hannunsa. Ya daɗe yana kallo.

Da ma ta auna da zare, ta ƙulle a bakin zane. Hinjin ya shiga daidai.

Ranar kasuwa Gwaggo Baturiya ta buɗe ƙofar ta rufe sau uku, sannan ta shiga, sauran suka hau baya.

Har yau Labo yana rantsuwa bai tuna ya ci ta farko ba, balle ta biyu.