Anguryar da Kaka Ta Dafa

Ran kasuwar Faskari na bi ta gaban wata rumfar abincin dabbobi, ƙamshin angurya ya bugi hancina, sai na tsaya cak. In ba ka sani ba, angurya ita ce ƙwayar da ake cirewa daga cikin auduga. Nan take na ganni ina yarinya a gidanmu kusa da Ruwan Godiya, kakata ta wajen uba na zaune ƙofar ɗakinta da hantsi tana kaɗi.

Kaka ba ta yarda da kyauta ba, balle wadda ta fito daga hannun hukuma. Tana 'yar budurwa mulkin Turawa ya kankama, a kan idonta abubuwa suka riƙa zuwa. Aka daina ciniki da kuɗin wuri, sai kuɗin ƙarfe mai huda. Aka buɗe makarantar boko a birnin Katsina. Daga baya hanyar jirgi ta iso Funtuwa, aka kafa injin gurzar auduga. Amma abin da ya tsaya mata a rai shi ne ranar da dagaci ya raba sabon irin auduga kyauta, ya ce a bar na gargajiya. Mahaifinta masaƙi ne. Ba a daɗe ba auduga ta koma bin jirgi, yadin kanti ya cika kasuwa, shi kuwa ya naɗe kayan saƙarsa ya rataye.

"Sun ba mu iri, sun amshe sana'a," haka take cewa.

Tsohon irin sai ta ɓoye shi cikin gora, ta taho da shi har gidan aure. Kowace damina takan shuka 'yan tushe bayan ɗakinta, tsakanin kuɓewa da yakuwa.

Wata shekara, dawa ta fara fid da kai, malamin gona ya zo duba gonar Baba a kan keke. Saurayi ne siriri, da littafi a aljihu. Ya hango tsiron ta saman danga, ya daɗe yana kallo, sannan ya nemi iso, ya durƙusa ya gai da Kaka.

"Inna, wannan audugar 'yar ƙasa ce ko? Don Allah a sam mini iri, ko cikin tafi ne."

"Mi za ka yi da ita?"

Ya ce mahaifiyarsa a Damari mai kaɗi ce, ta daɗe tana cigiyar irin. Kaka ta dubi littafin, ta dubi takalmansa. Ta ce ya dawo jibi.

Ran nan Baba bai iya cin tuwo ba. Ana raɗe-raɗin duk wanda aka kama da irin da ba na hukuma ba, tumɓuke gonarsa za a yi, a kai shi gaban alƙali. A hana yaron, ya kai ƙara. A ba shi, an danƙa masa shaida.

Washegari da safe Kaka ta ɗebo angurya daga gora, ta zuba a tafasasshen ruwa, ta tsame, ta baza kusa da murhu har ta bushe. Ta ga ina kallo.

"In gaskiya shika faɗi, Allah shi yafe mini," ta ce. "In ko tarko ne, babu abin da zai tsiro shi nuna ma kowa."

Ya zo, ya karɓi ƙullin da hannu biyu, ya yi ta godiya.

Da damina ta zagayo sai ga shi. "Inna, ko ɗaya bai fito ba. Tsohuwata ta yi ta ban ruwa har ta gaji."

"Ƙasarku ce ba ta amshe shi ba," in ji Kaka, ba ta ɗago kai daga kaɗinta ba.

Ya yi wani murmushi da har yau ban gane shi ba, ya hau kekensa. Ba wanda ya zo tumɓuke komai. Kaka ta ce dabararta ce ta ci; Baba ya ce yaron ne mai gaskiya. Har ta rasu ba su daidaita ba.

Da na girma na je biki Damari, na tambayi tsofaffi labarin mahaifiyar malamin gonan nan. Wata ta ce ta san matar, wata ta rantse ba a taɓa yin ta ba.

Yanzu, saboda 'yan bindiga, gonakinmu na nesa ba a zuwa, baƙo kuwa ba ya shiga gari sai an ji wanda ya san shi. Ni da nake ganin Kaka ta cika zargi, yau na fi ta. Duk da haka, in na tuna wata tsohuwa tana ɗaukar ruwa tana zuba wa ramin da babu abin da zai fito, sai in mai da lomar da ke hannuna cikin akushi.