Mai Gadin da Ilyasu Ya Datse

Shekara goma sha tara Ilyasu ya yi yana juya injin fim a wata silima ta Omdurman, a ƙasar Sudan. Tsofaffin finafinan Masar na binciken kisa kuwa ya san su kamar yunwar cikinsa. Ya daɗe da lura cewa baƙin mutum a cikinsu ba ya wuce buɗe ƙofa ko kawo shayi. Ko zarginsa da kisan ba a yi, balle a ba shi binciken.

Amma buɗe ƙofar nan ita ta hana shi sakat. Ɗan baffansa Idirisu, wanda suka taso tare suna tsinkar auduga a gonakin Jazira, ya taɓa zuwa Alƙahira neman aiki, ya dawo yana cewa an sa shi a fim, ya fito a mai gadi. Idirisu fa, da ko sunan jarumi ɗaya bai sani ba! Ran da fim ɗin ya iso, Ilyasu ya duba shi shi kaɗai, ya ga fuskar, hassada ta turnuƙe shi. Ya sa almakashi ya datse wurin, ya liƙe. 'Yan uwa suka cika silima, suka fito ba su ga Idirisu ba. Tun daga ranar ake kiran Idirisu Basha, wato babban mutum irin na Masar, ana dariya.

Bayan soja sun hau mulki silimar ta mutu. Ilyasu ya koma gyaran rediyo a Mantiƙa Sinaiya, unguwar masana'antu, ran Juma'a bayan la'asar kuma ya kunna wa mutane bidiyo a wata rumfa a unguwar Mayo. Wata Juma'a aka kawo masa kaset marar suna. Bai farga cewa fim ɗin nan ne ba sai da ya ga ƙofar da Idirisu ke gadi, kafin ya kai hannu ya kashe injin ta buɗe.

Ga Idirisu nan, saurayi, cikin farar jallabiya. Ashe lokacin ɗauka mai shirya fim ɗin ya ce masa ya yi surutu da yarensu, ai ba mai ji. Shi kuwa ya dubi ɗan sandan da ke binciken kisan ya ce da Hausa tsantsa, "Ku daina wahala, likitan ne ya kashe shi."

Rumfa ta kaure da ihu. Gogo Sittana mai sayar da gyaɗa ta kama baki tana hawaye, ta ce ba ta taɓa jin Hausa ta fito daga akwatin nan ba. Ba wanda ya ƙara bi ta kan binciken.

Idirisu ya taso daga baya, kansa fari fat, ya riƙe hannun Ilyasu da hannu biyu.

"Yaya, ashe Masarawa ne suka cire ni a wancan. Wallahi kai ka wanke ni, Allah ya saka maka. Yalla, mayar baya mu sake ji."

Ilyasu ya mayar. Sau bakwai ya mayar da hannunsa, zuciyarsa na ci da wuta, ana ta sa masa albarka.