Kwalba Biyu da Gyaran Kawu Sanda

Sakkwato

Ƙarfe shida saura na fita, da kwalba biyu cikin kular ƙanƙara. Aikina na digiri na biyu shi ne auna yadda fetur ke narkewa cikin wani gishiri mai zama ruwa ko ba a ɗora shi a wuta ba: nawa ke shiga, zafi nawa yake sha ko ya fitar. Gishirin da ya rage mini na awo biyu ne kacal, da shi zan kwatanta man Bodinga da na Shagari. In suka gauraya, aikin ya tashi a banza.

Bodinga

Bakwai da kwata muka iso. A shingen shiga gari ɗan sanda ya buɗe kular.

"Hajiya, kunun aya ne?"

"Kwalabe ne, ba komai ciki."

Ya rufe yana tsaki. Na cika ta farko a gidan mai, na liƙe bakinta, na sayi masa na ci a tsaye.

Shagari

Tara da rabi na sauka wurin Kawu Sanda, ƙanin mahaifiyata, mai sayar da fetur a galan bakin titi. Na yi masa bayani dalla-dalla, yana gyaɗa kai.

"Ɗiyata, na ji. Shiga ki gaida mutanen gida, ni ka cika miki."

Na shiga. Aka kawo fura, aka tsare ni da hira har azahar. Na fito na tarar da kwalba a liƙe tsaf.

Komawa

Ƙarfe huɗu ina ɗakin gwaji. Na juye gishirin duka, na auna, sakamakon biyu suka fito kusan ɗaya. Abin ya ɗaure mini kai. Na kira Kawu in ce na sauka lafiya.

"Madalla! Kin ga gyaran da niy yi miki? Namu na yau bai da ƙarfi, sai nic cika rabin da mai kyau da anka kawo min daga Bodinga. Ai ba a ba ɗiya abin banza."

Wallahi sai na zauna a ƙasa. Wata shida na jira gishirin nan, ga kwalbarsa wayam. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma muryarsa cike take da murna.

"Na gode, Kawu. Allah ya saka da alheri."

Da magariba na isa gida lafiya, alhamdu lillahi. Har yau ban faɗa masa ba.