Albasar irin da aka yi tsaraba da ita

Ina tsugune ina nuna wa matan garin Safo yadda nake zaɓen albasar iri, sai na ji ana tuge shuka a bayana. A shekarun casa'in ne, a garkarmu, wato lambunmu na bakin tabkin Madarumfa. Malamin gona ne ya kawo su su koya wurina.

Ina waiwayawa, na ga yayan mijina ya tuge albasar fangali guda, duk manyan da na bari su yi iri, yana zuba wa baƙi a buhu.

Na ce, "Yaya, iri ne fa."

Ya ce, "To su koma hannu rabbana? Mi kika sani game da karɓar baƙi?"

Wata dattijuwa cikinsu ta ce, "Alhaji, abin da muka zo koyo ka tuge."

Albasar da ta fara fidda kan fure, in an tuge ba ta komawa. Irin da innata ta bar mini, ranar ya ƙare.

Na yafe masa, Allah Ya jiƙansa, amma har yau raina na ɓaci. Ku masu ziyarar gonaki, kuna tambayar mai shuka kafin ku karɓi tsaraba?