Keken da Akawu Ke Turawa

Babban akawun ofishin nan mutum ne da ba a taɓa kamawa da kuskure ba. Shekara ashirin da shida yana tebur ɗaya kusa da taga, biro uku a aljihun gaba, ko waƙafi ka manta a takarda sai ya dawo maka da ita. Abu ɗaya ne ya gagare shi a duniya, kuma ban da matarsa babu wanda ya sani: bai iya hawa keke ba. Yana yaro yayansa ya faɗo daga keke ya karya hannu, mahaifinsu ya rantse babu ɗansa da zai sake hawa. Da ya girma kuma, kunya ta karɓi aikin daga hannun mahaifin.

Da gwamnati ta fito da tallafin sayen keke, ta ce za ta biya wa kowane cikakken ma'aikaci rabin kuɗi don a rage cunkoson motoci, sai bakinsa ya ja masa. A wajen taro shugaban ofis ya tambaya ko akwai amfanin ci gaba da riƙe tsohuwar bas ɗin ma'aikata. Akawu ya miƙe, don yana son a ga ya fi kowa fahimtar manufar gwamnati. Ya yi jawabi kan lafiyar jiki da tsadar mai, har ya ƙara da cewa shi a ƙuruciyarsa sakin hannu yake yi a gangara. Aka tafa masa, aka sayar da bas ɗin. Baki dai shi ke yanka wuya.

Kafin wata ya ƙare farashin keke ya yi tashin gwauron zabi. Masu shaguna sun ji gwamnati na biyan rabi, sai suka ninka kuɗin. Mai tallafi ya biya abin da zai biya tun farko, marar tallafi ya koma ɗan kallo. Akawu ya cika fom ya karɓo nasa, baƙi wuluk mai ƙararrawa. Ranar hutu ya gwada hawa a tsakar gida, matarsa na riƙe da sirdi. Feda biyu ya taka ya kwashi igiyar shanya, ya ƙare cikin bahon wanki.

"Maigida, ka mayar musu da abinsu tun muna da sauran baho," in ji ta, tana danne dariya.

Ya tashi, bai kuma sake gwadawa ba. Sai ya koma turawa. Kullum ya fito da wuri, ya ɗaure ƙafar wando da roba kamar gwanaye, ya bi wani dogon lungu da abokan aiki ba sa bi, wanda ke ɓullewa daf da ƙofar ofis, inda dama kowa ke sauka ya tura. Yakan iso sharkaf da gumi, gumin kuwa ya zame masa shaida.

A lungun nan ya riƙa haɗuwa da Baba masinja. Baba ya yi shekara talatin yana kai wasiƙun ofis a kan keke har keken ya mutu, amma a takarda har yanzu ma'aikacin wucin gadi ne, don haka tallafi bai hau kansa ba. Akawun ne ma da hannunsa ya mayar masa da fom ɗinsa. A da Baba bas yake shiga. Yanzu ba bas, keke ya fi ƙarfinsa, sai ƙafa, ga gwiwa mai ciwo.

"Yallaɓai, lafiya kake turawa?"

"Faci na yi, Baba."

Washegari sarƙa ce ta cire, rana ta uku birki. Baba sai dai ya ce Allah ya kyauta, su jera har bakin lungu, Akawu na jin kamar ƙasa ta tsage ya shige, don ya san wanda ya jawo wa tsohon wannan ɗingishin.

Wata safiya Akawu ya tarar da tsohon zaune a kan dakali yana murza gwiwa. Baba ya miƙa hannu ya matsa tayar baya, ya ji ta ƙam.

"Yallaɓai, ka yi min afuwa. Wata uku ina kallon keken nan, ledar sirdinsa ko yamutsewa ba ta yi ba. Ni gwiwata tafiya ce ba ta so, ba ta ƙi feda ba. Kai kana da keke, ni ina da iyawa. Hau kariya a baya, in goya ka."

Akawu ya buɗe baki zai kawo wata ƙaryar, ya ga ta ƙare. Ya hau. Da furfurarsa da biro uku a aljihu, ya ƙanƙame rigar tsohon da ya hana tallafi, iska na dukan fuskarsa. Rabonsa da a goya shi a keke tun ranar da yayansa ya karye, kuma abin da ya fi ba shi kunya shi ne daɗin da ya ji.

Kafin bakin lungu Baba ya ja birki.

"Riƙe abinka, yallaɓai. Ka fara shiga, ni zan ɗan jira. Kai babba ne, bai kamata a gan ka a goye ba."

Magana ta zo wa Akawu har maƙogwaro. Ya so ya ce a'a Baba, kai mu har ciki, keken ma kai ya dace da shi. Ya haɗiye ta, ya karɓi keken.

"Sannu da tuƙi, yallaɓai!" in ji maigadi. "Yau ko gumi babu, an ga gwani!"

"Yauwa," in ji Akawu.

Ya waiga. Baba na nan tsaye a bakin lungu, ya dafa bango, yana jira ya shige tukuna.