Hana-Kowa da Taswirar Gidan Kaka

Tun tana 'yar ficiciya ake kiranta Hana-Kowa, kuma ba ƙage aka yi mata ba. 'Yar kawunmu ce, ta uku a ɗakinsu. Ita ce yarinyar da ta sa wa gwangwanin fensirinta kwaɗo, ta rataya mabuɗin a wuya, har wanka da shi take shiga. Ka ce ta ara maka abin goge rubutu, sai ta tambaye ka me za ka goge, layi nawa, ƙarfe nawa za ka dawo da shi. Mutum kan gwammace ya goge da yawu ya huta.

Da ta girma ta yi karatun kwamfuta, dangi suka yi ta murna, aka ce mun samu mai gyaran waya kyauta. Ashe wahala muka raina da hannunmu. Ka kai mata waya don ta ƙara maka haske, ta dawo maka da ita ɗauke da kalmar sirri mai tsawon igiyar rijiya. In ka ce a sa ranar haihuwarka, ta yi maka kallon da likita ke yi wa wanda ya ce da ruwan kwata yake wanke ciwo. Mahaifinta ma bai tsira ba. Shi a wajensa babu cutar na'ura da kashewa da kunnawa ba sa warkarwa, kuma ya rantse da ana kashe mutum a kunna shi, da tuni ya gyara rabin dangi.

Aikinta a ofishin wani tsohon safiyo ne, mai awon filaye, a saman bene, bisa shagon masu fenti. Abokin marigayi kakanmu ne, shekara arba'in yana jan igiyar awo a rana. Da takardunsa suka fara rugurgujewa, ita ce ta shafe shekara biyu tana ɗaukar hotonsu ɗaya bayan ɗaya, tana zubawa a babbar kwamfutar da duk na ofishin ke ajiya a cikinta, wadda suke kira saba. Allah ya taimaka ta gama kafin daminar da rufin ya yi yoyo, ruwa ya mai da kabad uku na takardu kamar dusar da aka jiƙa wa akuya.

Ɗakin sabar tsohon sito ne, taga ɗaya, ita ma a toshe. A ciki akwai na'urar sanyaya ɗaki, ita kaɗai ce a ginin, kuma ba don mutum aka sa ta ba. Akwai batura biyu a ƙasa, da kujera mai karyayyen hannu, da baƙin allo da fararen rubutu ke gudu a kai kamar tururuwa. Shayi ba ya shiga ɗakin. Cajar waya ba ta shiga. Mai ofishin da kansa sai ya yi sallama a bakin ƙofa ya jira.

Abokin gardamarta shi ne ɗan ƙanwar tsohon, wanda ake kira Ƙaramin Safiyo, saurayi mai tsabta da son sabon abu. Shi mutumin manhajar Windos ne. Cewa yake Linuks ɗin da ta sa a sabar na masu son wahala ne, mutum ya zauna yana rubuta wa na'ura wasiƙa alhali ga inda zai danna hoto ya wuce. Ita kuwa takan ce ya yi zanensa da abin da ya ga dama, ba ruwanta, amma saba ba amarya ba ce da za a zo kallo. Takan ƙara da cewa duk wadda ka ɗauka cikin manhajojin biyu, ba ta taɓa ganin ɓarnar da ta kai ta mutumin da aka bai wa ikon da ya fi aikinsa ba. Shi ya sa kowa a ofishin da kalmar sirrinsa, kowa da iyakar inda hannunsa ke kaiwa. Kana iya buɗe tsohuwar taswira ka kalla har ka gaji, gogewa ce dai babu. Babbar kalmar sirrin, mai buɗe ko'ina, ta rubuta ta a takarda, ta liƙe a ambulan, ta ba tsohon ya kulle a durowa saboda mutuwa ko rashin lafiya. Shi tsohon ba ya shiga gardamar. A ganinsa duk ƙarya suke yi, ba a yi abin da ya kai kabad na ƙarfe ba, duk da abin da ruwa ya yi masa.

Sai kuma zancen faifanta, wanda har masu fenti na ƙasa sun san shi. Faifan ajiya huɗu gare ta, baƙaƙe, kowane kamar sabulun wanki. Duk Alhamis ta kwafe abin da ke sabar kaf a kan ɗaya, ta zare shi, ta jefa a jaka ta tafi da shi gida. Mako mai zuwa ta kawo na biyu, haka har a zagayo kan na farko a sake rubutawa a kansa. Ban da su akwai na biyar, wanda take cikawa sau ɗaya a shekara ta kai gidan Kaka. Ƙaramin Safiyo ya sha yi mata dariya, yana cewa duniya ta koma ajiya a intanet ita tana nan tana tallan sabulu.

Da ta tafi hutun haihuwa, ta koya wa sakatariyar ofishin canjin faifan, ta rubuta mata mataki-mataki ta manna a bango. Sakatariyar ba ta tsallake Alhamis ko ɗaya ba.

Tana cikin wata na uku da haihuwa rigimar gidan Kaka ta taso. Gidan yana da lungu a gefe, faɗinsa bai wuce taku huɗu ba, nan famfonta yake, nan bishiyar lemon da kakanmu ya dasa take, nan take shimfiɗa tabarma da hantsi. Wani makanike ya sayi filin da ke maƙwabtaka zai yi gareji. Wata safiya aka tashi aka ga magina sun ja layin bulo ta tsakiyar lungun, famfo da lemo duk sun koma ɓangarensa. Ya ce wanda ya sayar masa nan ya nuna masa iyaka. Aka ce Kaka ta fito da taswirarta. Ta buɗe ledar da take ajiye ta, gara ta riga kowa karantawa, ba ta bar komai ba sai kan sarki da rabin sa hannu. Magana ta kai gaban alƙali, ya ba da kwana goma a kawo shaidar awo, in babu, gini ya ci gaba.

Hana-Kowa ba ta ko girgiza ba. Ta ce ai tsohon ne ya auna gidan, ita da hannunta ta ɗauki hoton taswirar, aikin minti biyar ne. Ta goya jaririyarta ta hau benen ofishin, ta gaisa da kowa, ta zauna gaban baƙin allonta ta rubuta lambar filin. Babu. Ta sake rubutawa a hankali. Babu. Ta leƙa inda tsofaffin taswiru suke zama, dubu goma sha ɗaya da wani abu, ta tarar da wurin fayau kamar an share da tsintsiya.

Ba ta ɗaga murya ba, kuma wannan ne ya fi tsorata mutanen ofishin. Ta kira Ƙaramin Safiyo ta tambaye shi wa ya buɗe ambulan.

Ya yi bayani tiryan-tiryan, har da ɗan murmushi. Sun sayi ƙaramin jirgin nan mai ɗaukar hoto daga sama, hotunansa sun cika sabar, aiki ya tsaya, shi kuma bai so ya dame ta tana jego. Ya lallaɓi kawunsa ya ba shi babbar kalmar. Kafin ya taɓa komai sai da ya haɗa sabar da ma'ajiyar intanet, irin wadda duk abin da ke nan sai ya bayyana a can. Da ya ga komai ya hau, sai ya goge tsofaffin daga nan don a samu wuri. Ya ce ta kwantar da hankalinta, suna can lafiya lau.

"Buɗe mu gani," in ji ta.

Ya buɗe. Can ɗin ma fayau.

"Abin da ka haɗa madubi ne, ɗan'uwa. Ka sa, ya sa. Ka goge, ya goge. Yaushe ka yi?"

Ya ce wata biyu ke nan. Kwandon sharar ma'ajiyar kwana talatin yake riƙe abu, ya daɗe da zubarwa. Sakatariya ta kawo faifan nan huɗu. Baiwar Allah, saboda tsabar riƙon amana, Alhamis takwas tana kwafe sabar da babu tsofaffin taswiru a kan faifan da ke da su. Kowane an bi ta kansa sau biyu. Hana-Kowa ta jona su ɗaya bayan ɗaya duk da ta san abin da za ta gani.

Tsohon yana tsaye a bakin ƙofa tun ɗazu. Ya nemi kujera ya zauna, ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. Bai zagi kowa ba. Ya dai tambaya, cikin ƙaramar murya, ko har da na shekarar da ya fara aiki. Ta ce har da su, Baba, amma saura faifai ɗaya.

Ta buga wa mijinta waya ta ce ya bi ta gidan Kaka ya karɓo mata ajiyarta. Bayan rabin awa ya kira yana haki. Kaka ta ce ba ta san zancen ba. Da ya matsa, ta ce ko ta sani ba za ta bayar ba, domin mai ajiyar ta ce kada a ba kowa, ko da ya ce ita ta aiko shi. Ya ce to ga ta a waya. Kaka ta ce ita wannan yarinyar ce ta gaya mata yanzu ɓarayi na iya kwaikwayon muryar mutum a waya, don haka ya gaishe da mutanen gida. Mutumin da ya biya sadaki, ga 'ya a tsakani, haka ya fito yana sosa ƙeya.

Dole ta sake saɓa goyo ta tafi da kanta. Kaka ta dube ta sama da ƙasa, ta leƙa fuskar jaririyar don ƙarin tabbaci, sannan ta jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado. Ta kwance ɗankwali, ta kwance wani, ta kwance tsohuwar rigar kakanmu, ga ƙwayoyin kafur suna zubowa kamar ƙanƙara. Ta ce tun da gara ta ci mata takarda ta ƙara wa sabulun nan tsaro. Ta tambaya ko na wanka ne mai tsada. Hana-Kowa ta ce gidanki ne a ciki, Kaka. Tsohuwa ta ce Allah ya shirye ki.

A ofis ta jona shi, kowa ya yi cirko-cirko a bakin ɗakin, har da mai fenti ɗaya da ya ji labari ya hauro da burushi a hannu. Faifan ya yi wata goma bai juya ba. Ya yi ƙas, ya yi shiru, ya sake yin ƙas. Ƙaramin Safiyo ya jingina da bango yana motsa baki, bai taɓa yin addu'a da gaske irin ta ranar ba. Sai 'yar fitilar ta kama ƙiftawa. Ta rubuta kalmar buɗe shi, doguwa har jaririyar ta farka ta koma barci ba a gama ba. Sunaye suka fara gangarowa a allon, shekara bayan shekara. Tsohon ya matso ya sa tabarau, yana karanta lambobin yana kiran masu filayen, wannan ya rasu, wannan 'ya'yansa sun sayar, wannan har yau bai yafe masa taku biyu ba. Ta bar shi ya gama, sannan ta buga taswirar gidan Kaka kofi uku.

Ƙaramin Safiyo ya zo zai ba da haƙuri, ta ce ya ajiye haƙurin ya kawo ambulan sabuwa. Ta kuma ce dabarar ajiya a intanet ba laifi ba ce, za ta gyara ta yadda gogewa ba za ta bi ta can ba. Ya tsaya yana jiran ragowar faɗan, bai zo ba. An ce kwana uku bai ambaci Windos ba.

Ba a jira ranar kotu ba. Washegari da hantsi tsohon ya ɗauko igiyar awonsa, ya ce shi ya kafa turakun gidan nan, shi zai tono su. Ya auna daga kusurwar titi, ya taka, ya sake aunawa, ya tsaya kan tulin tsofaffin tayoyin makaniken ya ce a kwashe. Aka kwashe, aka haƙa kamu biyu, shebur ya daki siminti. Turke ne, da lambarsa, daidai da ta takarda, taku huɗu cif daga bangon Kaka. Makaniken ya tsuguna ya share ƙasar da hannunsa ya daɗe yana kallo. Ba mugun mutum ba ne, shi ma cutarsa aka yi. Ya miƙe ya ba Kaka haƙuri, ya ce da bakinsa zai je ya gaya wa alƙali, ya sa maginansa suka fara sauke bulo nan take.

Kaka ta sa aka shimfiɗa mata tabarma a gindin lemon, tana nuna musu inda za su jera bulon don kada su taka mata magudanar famfo. Hana-Kowa ba ta wurin, tana ofis tana canza wa kowa kalmar sirri, har da tsohon. Kaka ta ce a kira mata ita. Aka kanga mata waya a kunne, ta fara sa albarka. Ta sa mata, ta sa wa jaririyar, ta sa wa mijin da ta kora, ta sa wa tsohon da igiyarsa, ta gangaro kan malaman da suka koya mata karatun, ta haɗa da wanda ya ƙera sabulun ko a wace ƙasa yake. Tana cikin jikokin da ba a haifa ba cajin wayar ya ƙare. Duk mun ga allon ya mutu, babu wanda ya gaya mata. Muka zauna a lungun muna amsawa da amin har ta gama.